Lofen Mijin Inna Ya Kai Ni Garin San-Kulod

 Na san da ganin kan wannan labari wata za ta taɓe baki ta ce, to me ya haɗa mace da lofe? Ku yi mini uzuri tukuna. Ni ban taɓa shan taba ba, warinta ma hawa mini kai yake yi. Laifi na yi, laifin ne kuma ya ja ni har cikin tsaunukan Faransa.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, mutuniyar Damagaram ce, amma tun rasuwar kakanmu a 1987 take zaune a gidanmu a Kano. A ƙasan adakarta, ƙarƙashin tsofaffin zannuwanta, akwai wani ɗan ƙunshi a cikin farin ƙyalle, ba komai ba ne a ciki illa lofen kakanmu. Lokaci lokaci takan kwance shi ta ɗora a cinya ta yi ta kallo, sannan ta mayar ta rufe. Ga wadda ba ta taɓa riƙe lofe ba, kashi biyu ne: akwai tukunyar da ake zuba taba, ta itace ce, sai kuma baƙin bututun da ake sa wa a baki. Na kakanmu bututun ya daɗe da dusashewa, ya yi ja-ja kamar tsohon takalmi.

Ana gobe ƙaramar sallah ta 2019 aka tafi da Inna ganin likitan ido, ni kuma na shiga yi mata kwalimar ɗaki. Sai gwaninta ta kama ni, na ce bari in wanke mata lofen nan ta dawo ta ga ya yi fes. Na tafasa ruwa na zuba omo, na tsoma bututun a ciki. Wallahi ban gama share tsakar ɗakin ba na waiwayo na ga abin da ya kaɗa mini hanji. Bututun ya koma kore-kore, rawaya-rawaya, sak miyar kukar da ta kwana, ga wani wari kamar an ƙyasta ashana. Cikin ruɗewa na ɗauko soson waya na hau gurzawa, na ƙara masa da zane-zane. Garin neman ƙiba na samo rama.

Da Inna ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya shi a hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta naɗe shi ta mayar. Tun ina ƙarama Kishiya take ce mini, kullum muna cikin tsokanar juna a kan wa mijin ya fi so. Daga ranar nan sai ta koma kirana da sunana na yanka. Wata huɗu cur.

Cikin watan Oktoba matar Yayana da ke zaune a Bizanson, a gabashin Faransa, ta haihu, aka ce ni zan je in taya ta zaman jego. Muna waya da Yaya na ba shi labarin abin da ke damuna, ya ce in duba jikin itacen ko akwai rubutu. Na lallaɓa na duba, ga shi nan ɗan mitsitsi: ST CLAUDE. Ya yi dariya ya ce, "Ke, ai garin nan kusa da mu yake, can ne mahaifar lofe. Ki taho da shi." Kwana uku ina roƙon Inna. Daren da zan tafi ta miƙo mini ƙunshin ba tare da ta dube ni ba ta ce, "In kin ɓatar da shi ki yi zamanki can."

Wata ranar Talata da sassafe muka hau jirgin ƙasa ni da Yaya. Layin da ke zuwa San-Kulod suna kiransa Layin Tsattsewa, ya taso daga garin Dol, tsawonsa kilomita 123, yana ratsa ramukan da aka huda cikin dutse guda 36 da dogayen gadoji 18. Sunan ya dace da shi, don wajen garin Morez, garin masu ƙera tabarau, jirgin kan hau wata gada ka leƙa ta taga ka ga rufin gidaje can ƙasa kamar akwatunan ashana. Ni dai salati na yi ta yi, na ƙanƙame jakata.

A hanyar ne Yaya ya cika mini labarin kakanmu da na sani gutsi-gutsi. Yana cikin samarin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 15 ga Agusta 1944 rundunarsu ta fara sauka a gaɓar tekun kudancin Faransa, suka ƙwato Tulon da Marsay daga hannun Jamus, suka yi ta turowa arewa har yankin nan da jirginmu yake ratsawa. Da sanyi ya kama, cikin Oktoba da Nuwamba na wannan shekara, sai aka janye dubban baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka ce wai ba za su jure hunturu ba, aka karɓi bindigoginsu da rigunansu aka bai wa samarin Faransawa, su kuma aka mayar da su sansanoni a kudu. Su suka sha wuyar hanya, wasu suka ƙarasa. Yaron Bafaranshen da aka bai wa babbar rigar kakanmu, kunya ta kama shi, ya laluba aljihu ya ciro lofensa ya miƙa masa. Shi ne wanda na dafa da omo.

San-Kulod gari ne da ke zaune cikin wani zurfafan kwari a tsaunukan Jura, dab da iyakar Suwizalan, inda koguna biyu, Biyen da Takon, suka haɗu. Mutanensa ba su kai dubu 10 ba, wata unguwa guda a Kano ta ninka shi. Gidajen dogaye ne, sun maƙale a gefen kwarin kamar za su zame, duk inda ka nufa sai ka hau gada ko matakala. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ga hazo ya sauko ya rufe kan duwatsu. A kusa da babbar majami'ar garin muka ci karo da wani ƙaton lofe da aka kafa don ado, tsawonsa ya haura mita 7. Na ce wa Yaya lallai mun zo.

Asalin garin mazaunin masu ibadar Kirista ne, wasu 'yan uwa biyu suka kafa shi tun ƙarni na 5. Masu ziyara suka riƙa tururuwa, mutanen wurin kuma suka ƙware wajen sassaƙa musu carbi da 'yan ƙananan kayan tsaraba na itace da ƙashi da ƙaho. Daga carbi aka gangaro kan bututun lofe. A shekarun 1850 ne suka fara aiki da wani itace da Faransawa ke kira buruyer, wanda ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum irin su Kosika da Italiya da Girka da Aljeriya. Ba reshen ake so ba, wani dunƙule ne da ke tsakanin saiwa da gindi, mai tauri, mai jure wuta. A tono shi, a yanka, a tafasa shi awanni don ruwan jikinsa ya fita, a shanya watanni. Wannan itace shi ya ɗaga garin, har a shekarun 1920 mutum dubbai ne, maza da mata, suke cin abinci da lofe. Yanzu kuwa 'yan tsiraru ne suka rage.

Ɗaya daga cikin tsirarun nan muka nufa, wani dattijo mai ɗan shago a wani lungu mai gangara. Tabarau a kan hanci, atamfar aiki a ƙirji duk ƙurar itace, yatsunsa sun yi kanta. Yaya ne tafinta. Na kwance ƙyallen na ajiye a gabansa kaina a sunkuye kamar mai jiran hukunci. Ya ɗauka ya kai hanci ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madam, ruwan zafi?" Na gyaɗa kai. Ya nuna zanen ya ce, "Da waya?" Na sake gyaɗawa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in kwantar da hankalina, ba ni ce ta farko ba, rabin tsofaffin lofen da ake kawo masa mata ne ko 'ya'ya suka yi musu wankan ƙauna.

Ya gwada murɗa bututun ya ƙi motsi, daɗewa ta sa ya cije. Bai ja da ƙarfi ba, ya ce a nan ne mutane ke karya ɗan hancin da ke shiga cikin itacen. Sai ya sa lofen gaba ɗaya a firiza. Muna jira ya yi mini bayanin abin da na aikata, ni kuma na ciro biro.

Bututun nan, in ji shi, ba roba ba ce irin ta bokiti. Danƙon itacen roba ne aka cuɗa shi da farar wuta mai yawa, wajen kashi 30 cikin 100, aka gasa shi tsawon lokaci har ya yi tauri ya yi baƙi. Eh, farar wutar nan dai da iyayenmu ke haɗawa da man shanu ko man kaɗanya don ƙuraje. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear shi ya yi rajistar dabarar gasa roba da farar wuta a 1844, daga nan aka samu wannan mai taurin, aka yi ta yin mataji da alƙaluma da bakin kayan busa da ita. Masu lofe suna sonta don tana da ɗan laushi a haƙori. Aibinta ɗaya ne: rana da danshi da yawu suna cin fatarta ta sama, farar wutar ta taso, launin ya juye zuwa ruwan ƙasa ko kore, ta riƙa ɗaci a baki. Abin da rana za ta yi a shekara ashirin, ruwan zafi cikin minti biyar yake fito da shi. Ya ce amma ɓarnar duk a sama take, ba ta kai kaurin takarda ba, ƙarƙashinta baƙin yana nan yadda aka yi shi.

Wallahi jin haka sai da na yi ajiyar zuciya.

Bayan kamar rabin awa ya ciro shi, ya murɗa a hankali ta gefe guda, sai ga shi ya fita sumul. Da ciki ya fara. Yana da wasu siraran wayoyi da aka naɗe da auduga, ya tsoma ɗaya a sifirit irin na asibiti ya zura ta cikin ramin bututun, ta fito baƙi ƙirin kamar an shafa mata kwalta. Ya jefar ya ɗauki wata. Ina ƙirgawa, sai a ta 23 ta fito fara. Ya gargaɗe ni kada sifirit ya taɓa jikin itacen, yana cinye masa ƙyalli. Na tambaye shi bilic fa? Ya kaɗa kai ya ce yana cire koren, amma yana barin jikin da ƙananan ramuka kamar fuskar da ƙyanda ta ci, kuma yana cinye tambarin maƙeri.

Daga nan ya mayar da bututun jikin itacen, ya naɗe itacen da salatif. Dalili kuwa, in ka goge bututu shi kaɗai gefen da ke haɗuwa da itacen yakan zagaye, in an mayar sai a ga ɗan rami a mahaɗar, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ya jawo kwanon ruwan sanyi da sanfefa mai lamba 400, ya jiƙa ta ya fara gogawa a hankali. Ruwan da ke ɗiga ya koma kamar shayi ba madara. Ya ce daga 400 zai je 600, sai 800, sai 1000, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari, kuma ba a tsallake ko ɗaya, wanda ya yi gaggawa zai ga zanensa ranar da ya gama.

Yana cikin haka ya tsaya, ya kai bututun ƙarƙashin fitila ya kira ni. Can kusa da ƙarshe, inda ake kamawa da baki, akwai 'yan ramuka biyu a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya daga cikin na saman ya fi zurfi kuma a karkace yake. Ya ce, "Mai lofen nan yana da haƙori mai kaifi guda, kuma yana cizo da ƙarfi." Ya ce gyaransu ba wuya. Wannan roba tana tuna siffarta ta asali, in ya gilma harshen wuta a kanta sau da yawa ba tare da ya bari ta ƙone ba, ramukan za su taso, abin da ya rage ya cike da baƙin gam ya goge, ba mai sanin an taɓa cizonsa. Har ya ɗauko ƙyastu.

Bakina ya buɗe zan ce to, sai gabana ya faɗi. Sau ɗaya na yanke hukunci a kan lofen nan ba da sanin mai shi ba, kun kuwa ji yadda ta kaya. Na ce wa Yaya ya roƙe shi ya dakata. Na kira wayar Umma ta WhatsApp na ce a kai wa Inna.

Na yi mata bayani muryata na rawa. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta nisa ta ce, "Ba maigidana wayar." Haka take kiran Yaya. Ya sa ta a sifika. Ta ce, "Ka gaya wa Baturen, ko'ina ya goge, amma kada ya taɓa wurin haƙoran nan." Sannan ta faɗi abin da ko Umma ba ta taɓa ji ba. An kai ta gidan Malam a 1951 (har yau ba ta kama sunansa), tana yarinya mai tsiwa da baki, shi kuma ya dawo daga yaƙi da zuciya mai saurin tashi, ya san haka game da kansa. Duk ranar da ta ɓata masa rai ba ya ce mata uffan, sai ya sa lofen a baki ya cije ya fita zaure, ba zai shigo ba sai ya huce. Bayan ya dawo aikin Hajji a 1974 tari ya matsa masa ya bar taba kwata-kwata, amma bai bar lofen ba, haka yake riƙe shi a baki ba wuta ba taba. Ta ce, "Shekara talatin da shida bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Duk faɗan da ya kamata in sha yana nan a ramukan nan. Babban kuwa na san ranar da aka yi shi."

Yaya ya ce, "Wace rana ce Inna?" Ta ce, "Ba ruwanka." Ta kashe wayar.

Da Yaya ya fassara wa dattijon sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar da ƙyastun cikin aljihu. Ya ce aikin zai fi wuya, don dole ya bi cikin kowane rami da ɗan tsinken auduga da man gogewa ya fitar da koren ba tare da ya baje gefen ba. Ya ce mu je mu ci abinci mu dawo da la'asar.

Muka samu shagon wani Baturke muka ci gurasa da nama, don garin akwai Turkawa da mutanen arewacin Afirka da aikin masana'antu ya kawo. Muka shiga gidan tarihin lofe da lu'ulu'u, don sana'ar garin ta biyu ita ce feƙe lu'ulu'u da duwatsun ado. Nan kam 'yan mata da kun sha kallo, ga kwaikwayon manyan lu'ulu'un duniya da kambunan sarakuna suna ta walƙiya. A ɓangaren lofe akwai zauren ƙungiyar gwanayen maƙera lofe ta garin, wadda aka kafa a 1966. Da muka fito muka bi ta wani dandali da aka sa wa suna 9 ga Afrilu 1944. A ranar ce sojojin Jamus suka tara mazan garin suka kwashe 302 zuwa sansanonin azaba, 186 ba su dawo ba. Wata huɗu ke nan kafin su kakanmu su sauka a gaɓar teku. Na daɗe a tsaye a wurin.

Bari in faɗa muku wata magana tun da ta zo, kada kyan lofe ya ruɗi wata. Taba taba ce, ko a kara take, ko a lofe, ko a shishar nan da wasu 'yan mata suka ɗauka wayewa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, hayaƙin lofe kuma yana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro. Kakanmu ma tarin nan bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Raguwar masu sha ita ta rufe yawancin masana'antun San-Kulod, na tausaya wa dattijon nan ƙwarai, amma ban yi baƙin cikin raguwar ba.

Da la'asar muka tarar ya wuce sanfefa, yana kan wasu 'yan lausasan soso masu lamba daga 1500 har 12000, na ƙarshen in kin taɓa sai ki rantse fata ce. Ya kunna injinsa mai faifan ƙyalle ya goga masa wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Burazil, ya ɗiga mai ya share da tsumma. Ya miƙo mini. Baƙi wuluk, yana sheƙi har ina ganin fitilar shagon a jikinsa, ga ramukan nan uku daram. Tukunyar kuwa ɗan kankare dattin ciki kawai ya yi ya shafa mata kaki. Ya ɗura mini man a wata 'yar kwalba, ya ce a riƙa shafa ɗigo ɗaya jefi-jefi, a ɓoye shi daga rana, in ya yi ƙura a share da busasshen ƙyalle. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ruwan zafi kuwa, Madam, na shayi ne." Yaya ya ciro kuɗi, ya karɓi rabin abin da ya faɗa da safe ya tura masa sauran.

Na dawo Kano cikin Disamba, hunturu ya kankama. Tun kafin in cire takalmi na wuce ɗakin Inna na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabanta. Ta kwance a hankali. Idon nata ba ya gani sosai, don haka da babban yatsa ta bi shi, tun daga mahaɗa har ƙarshe, yatsan ya tsaya a kan babban ramin. Ta daɗe a haka. Sannan ta naɗe shi, ta karɓi 'yar kwalbar man ta haɗa ta zura ƙasan adaka, ta datse da kwaɗo, ta rataya makullin a wuya.

Ta dube ni ta ce, "To Kishiya, kin je har garinsu kin gyara masa lofe, amma miji dai nawa ne. Tashi ki ɗumamo mini tuwo."